Hannun da Ya Ja Wayar

SHAFI NA 17

Masu tambayata ko na je zaman makokin Kawu Sarpong, ga amsarku: ban je ba. Makokin ne ya tako har rumfata.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune ina kankare tsatsa daga bakin wata tsohuwar sifika, sai ga farar bas ta shigo layinmu da baya, ta tsaya daidai ƙofata. An ɗaure mata jan ƙyalle da baƙi a madubi. A gefenta an manna hoton Kawu, da murmushin nan nasa irin na mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Adwubi mai gasa ayaba ta ɗago kai daga kan garwashinta.

"Amankwa, yau ka tashi da sa'a. Gawa ta zo gaishe ka har gida."

Ni idona yana kan hannun da ya buɗe ƙofar direba. Fatarsa a naɗe kamar ledar da ta sha wuta, yatsu biyu a manne da juna.

Agya Ofori.

Bai gaishe ni ba. Bai taɓa yi ba. Ya tsaya ya kalli ƙafafuna, kamar yadda yake yi duk inda muka haɗu, a tasha ko a wurin jana'iza. Ba ya kallon fuskata. Ƙafafuna kawai, daga silifa zuwa gwiwa, sannan ya kau da kai. Na daɗe da fassara wa kaina wannan kallo: ban kai a dube ni a ido ba.

"Ashana," in ji shi.

Sunan da duk Suame, unguwarmu ta makanikai, ke kirana da shi ke nan.

"Agya, sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka. Matar marigayi ta ɗauki motata don ranar Asabar. Ita za ta shiga gaban gawa, da kiɗa da sanarwa. Ta ce a sa sifika a ƙofofi, akwatin sauti a baya, ƙahon lasifika biyu a sama. Ta ce nan zan kawo."

"Nan? Ga shagon Kawu can cike da yaransa. Ga ɗansa Boakye."

"Na gaya mata. Na ce da in ba ka motata gara in kai wa akuya ta gyara. Ta ce nan."

Adwubi ta ce, "Agya, in za ka bar masa motar, bari in ja garwashina baya. Wuta biyu ba sa zama layi ɗaya."

Masu walda suka kwashe da dariya. Agya Ofori bai yi ba. Ni ma ban yi ba.

Shekara goma sha wani abu ke nan da motarsa ta farko ta kama da wuta a hanyar Mampong, kwana kaɗan bayan an sa mata sauti a shagon Kawu. An ja babbar wayar batir ta cikin ramin ƙarfe, babu roba a bakin ramin, babu fiyus. Ƙarfe ya yi ta gogar waya har ya cinye bawonta. Fasinjoji sun fita. Nyarko, ƙanin Agya Ofori, wanda ke masa kwandasta, ya koma ciki ɗauko wata tsohuwa, ƙofa ta maƙale. Hannayen Agya Ofori a jikin wannan ƙofa suka ƙone.

Lokacin ina koyon aiki a wurin Kawu. Ya tara mutane a bakin shago ya ce ni na ja wayar. Na ce ƙarya ne, ranar an aike ni Adum sayo kaya, wani ne ya ƙarasa aikin. Kawu ya mare ni a gaban kowa, ya kore ni ba tare da ya yaye ni ba. Shi ya sa har yau babu mai ce min Masta. Ashana.

Na ajiye tsohuwar sifikar.

"Zan yi, Agya. Amma za ka zauna ka ga kowace waya da idonka."

"Da ka zaci yawo zan tafi?"

Ya jawo benci ya zauna.

Na ɓalle marfin ƙofar gaba, na fitar da sifikar da ta zo da motar, takardarta duk ta yage. Sabuwar ta fi ramin faɗi, sai da na yanka zoben katako na ɗora ta a kai. Kafin in ɗaure, na ɗauko ƙaramin batir na tocila na taɓa wayoyinta biyu. Cikin sifikar ya turo waje. Na yi wa wayar alama. Na zagaya ɗaya ƙofar na yi haka.

"Wannan kuma wasan me ne?" in ji shi.

"In ɗaya tana turowa ɗaya tana ja, sai su cinye muryar juna. Ka ƙure sauti, ka ji wayam."

"Sarpong ne ya koya maka?"

"Shi ne."

"To ya koya maka komai. Abu ɗaya ya manta."

Na haɗiye. Shekaru sun koya min haɗiya.

Da na zo jan babbar wayar, ya tashi daga benci ya tsaya a kaina har ina jin numfashinsa. Batir ɗin motar a ƙarƙashin kujerar direba yake. Na yanko guntun tiyo na zura a ramin ƙarfen, na zura wayar ta cikinsa, na naɗe da salatif. Ya sunkuya ya sa ɗaya daga cikin yatsun da suka rage masa ya shafa bakin ramin. Ya daɗe yana shafawa.

Ya koma kan benci ya zauna.

Na kafa akwatin a ƙarƙashin kujerar baya, na hau sama na ɗaure ƙahonin, na sauko na haɗa makirufo na ajiye shi a gaban mota. Rana ta take. Abu ɗaya ya rage: fiyus, ɗan ƙaramin abu da bai kai ɗan yatsa ba. Tun daga waccan wuta ba na sa shi da hannuna. Mai mota nake kira ya sa da kansa, don gobe kada wani ya ce babu.

Agya Ofori ya miƙe yana dafa ƙugu.

"Zan je in ci fufu. Kada ka taɓa batir ɗin kafin in dawo."

"Fiyus ɗinka na jiranka."

Ya sake kallon ƙafafuna, ya tafi.

Bai ɓace a kwanar masu taya ba sai ga tasi ta tsaya a bakin layi. Wata mata ta fito cikin baƙin zane, babu ɗan kunne, babu sarƙa. Adwubi ta saki ayabar da take juyawa.

"Yesu! Mijinta bai shiga ƙasa ba tana yawo a Suame?"

Maame Konadu ce, matar Kawu. Ta ratsa tsakanin ƙarafa da baƙin mai ba ta kalli kowa ba, har ta iso gabana.

"Mijina," ta ce.

A al'adarmu haka matar kawu ke kiran ɗan 'yar'uwar mijinta in ana zaman lafiya. Rabon da in ji ta kira ni haka tun kafin wutar.

"Maame, ya haƙuri."

"Shiga mota. Rufe ƙofa."

Na shiga wajen direba, ta shiga ɗaya gefen. Ta murɗa gilashi sama da kanta. Zafi ya rufe mu nan take. Fiyus ɗin yana tafin hannuna.

"Ka yi aiki mai kyau," ta ce, tana shafa marfin ƙofa. "Kawunka yakan ce duk cikin yaransa babu mai kunnenka."

"Bai taɓa faɗa ina wurin ba."

"Ka ga Boakye kwanan nan?"

"Ba hanyarmu ɗaya ba."

"Yana cikin tasin can. Ba ya iya sa takalmi. Ƙafafunsa kamar turmi, cikinsa kamar mai shirin haihuwa."

"Ku kai shi asibiti. Kowa ya san da kwalba yake karya kumallo."

"Mun kai. Sun zuƙe ruwan, ya dawo. Fasto ya yi azumi a kansa, ya dawo. Ka san abin da yake damunsa, Amankwa. Kada ka sa in faɗa."

"Faɗi."

Ta kalli gilashi, ta rage murya.

"Kogi ne."

Duk Suame sun san maganar. Da aka binne Nyarko, Agya Ofori ya tafi bakin kogi da ƙwai da kwalbar giya, hannayensa har lokacin a naɗe da bandeji. Ya fasa ƙwan, ya tsiyaye giyar, ya ce hannun da ya ja wannan waya, kogi ya ci mai shi. Bai kira suna ba. Bai ga amfanin kira ba, tunda kowa ya san Ashana ne. Wanda kogi ya kama kuwa, daga ƙafa yake fara kumbura.

Na ce, "To me ya haɗa kogi da Boakye, Maame? Ai ni na ja wayar."

"Kada ka yi min haka."

"Kawu ne ya faɗa. A gaban kowa. Har yau in ruwa zai sauko kunnen nan nawa na hagu yana tuna min."

"Kawunka ya sani."

"Ya san me?"

"Tun ranar. Kafin a janye ƙarfen motar daga bakin hanya Boakye ya zo ya faɗi a ƙafarsa yana kuka. Ya ce sauri yake zai je kallon ƙwallo, fiyus ya ƙare a shago, ya ce gobe zai sa."

Na san Boakye ne. Ban taɓa shakka ba. Amma duk shekarun nan akwai wani ɗan lungu a zuciyata da na ajiye wa Kawu uzuri: wataƙila ɗansa ya rantse masa, wataƙila da gaske ya yarda ni ne. Uba yakan makance. A cikin wannan lungu nake ɓuya in baƙin ciki ya yi yawa.

Da magana ɗaya ta rushe shi.

"Ya sani, ya mare ni."

"Ka saurare ni tukuna. Kai ɗan 'yar'uwarsa ne, kuma a wurinmu ɗan 'yar'uwa ke gado, ba ɗan cikin mutum ba. Shago naka ne, injuna naka ne, filin naka ne, ran da ya mutu dangi kai za su ɗora. Boakye ɗansa ne kawai. Ba shi da komai a gidan nan sai sunansa. Kawunka ya zauna ya auna. Ya ce Amankwa yana da gado yana jiransa, zai iya ɗaukar baƙin suna. In aka ɓata Boakye, me ya rage masa?"

"Ya auna."

"Ya auna, mijina. Bai yi barci ba."

"Allah sarki. Ni kuwa na yi ta barci."

Makirufo yana kwance a gabanta, bai fi taƙi ɗaya daga bakinta ba. Maɓallinsa a kunne, ni na bar shi haka. Gidan fiyus yana nan ƙarƙashin cinyata. In na sauke hannu na danna, ƙahonin nan biyu za su ɗauki muryarta su watsa tun daga layin masu walda har masu fenti. Ba sai na ce komai ba. Ita za ta wanke ni da bakinta.

Na juya fiyus ɗin tsakanin yatsuna.

Na tambayi kaina: gaskiyar da aka sato, gaskiya ce? Mace ta rufe gilashi don ta yarda da ni, ko da yardar ta makara. In na yi mata tarko, me ya raba ni da mutumin da ya zauna ya auna? Shi ma ai yana da dalili mai kyau. Duk wanda ya taɓa cutata yana da dalili mai kyau.

Na dunƙule hannuna na ɗora a gwiwa.

"Me kike so, Maame?"

"Ka san yadda ake warwarewa. Mai laifi ya durƙusa wa wanda ya kira kogi, ya ce ni ne, ka yafe. Su tafi kogi tare, da kaza da giya. Shi ya janye maganarsa da bakinsa."

"To Boakye ya durƙusa."

"Ofori zai kashe shi kafin kogi ya kashe shi. Ko ya kai shi kotu. Sannan a ce Sarpong maƙaryaci ne, ana saura kwana biyu a binne shi? Da manyan baƙi, da 'yan ƙungiya, da 'yan coci?"

"To wa zai durƙusa?"

Ta zuba min ido. Gumi yana bin wuyanta.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa aka kawo motar rumfata.

Dariya ta ƙwace min. Ban so ba.

"Ni."

"Kowa ya riga ya ce kai ne. Me zai ƙaru? Kalma biyu ce. Ya ga aikinka yau, zuciyarsa ta yi laushi. In ya janye, ya janye, ko wa ya durƙusa."

"Za ki yi wa kogi ƙarya?"

"Kogi ba ya jin kowa sai wanda ya kira shi."

"Amma ya san gidanku ba tare da an nuna masa ba."

Ta rufe fuska da gefen zanenta. Na ɗauka kuka za ta yi. Da ta buɗe, idonta a bushe yake.

"Ran Lahadi dangi za su zauna. Ba zan ce uffan ba, Boakye ba zai ce uffan ba. Ka shiga shagonka, a kira ka Masta."

"Masta Ashana."

"Suna ne kawai."

"In suna ne kawai, me ya sa ba a bar wa Boakye nasa ba?"

Ta kau da kai.

Na ce, "Kin san abin da na mallaka a duniya, Maame? Ba rumfar nan ba, ta haya ce. Abu ɗaya ne. Ban taɓa cewa ni ne ba. An mare ni, ban ce ba. An tofa min yawu a tasha, ban ce ba. Uwata ta kama ƙafata ta ce in yi shiru, babba ba ya ƙarya, na yi shiru, amma ban ce ni ne ba. Ta mutu tana ganin ta haifi wanda ya ƙona ɗan mutane. Kawu ya tsaya a kan kabarinta ya tsiyaya giya, bai buɗe baki ba."

Maame Konadu ta dube ni wani irin duba, kamar mai tausayi, kamar mai neman inda za ta soka.

"Uwarka Afrakoma ba ta mutu tana zarginka ba."

"Kada ki sa uwata a wannan magana."

"Tana ciki tun farko. Kawunka ba zai yi abu irin wannan da ɗan 'yar'uwarsa ba tare da ya gaya mata ba. A tsakar gidanmu suka zauna. Ni na kawo musu ruwa."

"Ƙarya kike."

"Ya ce mata in aka kama Boakye, zai sayar da shagon ya fitar da shi, ko ya rubuta masa shi tun yana raye, kai ka tashi a tutar babu. In kuwa ka ɗauka, ya rantse ba zai taɓa ko ƙusa ɗaya ba, komai zai jira ka. Ta yi kuka. Sannan ta ce, to."

"Ƙarya kike, Maame."

"Me ya sa ta ce ka yi shiru? Ka taɓa jin ta tambaye ka ko kai ne? Ko sau ɗaya?"

Na nemi amsa. Na koma ɗakinmu na Tafo, na ga uwata tana zuba min miyar gyaɗa, tana kallon kwano ba ta kallona. Na ɗauka kunyar abin da na yi ce ta hana ta ɗaga ido.

Ba ta taɓa tambayata ba. Ko sau ɗaya.

Ku da kuke karanta wannan, ku gaya min wanne ya fi ciwo: uwarka ta yarda kai mai kisa ne, ko ta san ba kai ba ne ta karɓi shago a madadinka? Na daɗe ina ɗauke da na farkon har na saba da nauyinsa. Cikin wannan zafi aka sauke min shi, aka ɗora min na biyun.

"Don kai ta yi," in ji Maame. "Kada ka bar sadaukarwarta ta tafi a banza. An riga an biya kuɗin, mijina. Kai ka biya. Saura ka karɓi kayan."

"Daina kirana mijinki."

"To ɗana. Ɗana, ka dubi tasin can. Tare kuka tashi. Tabarma ɗaya. Kai ka koya masa riƙe filaya."

Na duba ta madubi. A kujerar baya ta tasin akwai inuwar mutum, kansa jingine da gilashi.

Ni ban san ko kogi yana cin mutum ba. Na fi yarda da hanta da kwalba. Amma na sha ganin wanda ya yarda an kama shi ya kwanta bai tashi ba, na kuma ga wanda aka ce masa an warware ya nemi abinci. In na durƙusa, wataƙila Boakye ya rayu. Kalma biyu, a kan ran mutum. Wane irin mutum ne zai riƙe kalma biyu ya bar ɗan'uwansa ya mutu?

Wane irin mutum ne kuma za a roƙa ya ƙona abu ɗaya da wuta ta bar masa?

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

Agya Ofori ne, da tsinken sakace a baki. Ya kalli Maame, ya cire tsinken.

"Maame, me ya fito da ke? Ai da kin aiko."

Ta sauko tana gyara zane. Muryarta ta koma ta zuma.

"Na zo ganin motar da za ta raka maigidana, Agya. Kuma Amankwa yana da maganar da yake so ya yi maka. Ya daɗe tana cin sa."

"Magana?"

"A gama aiki tukuna," na ce.

Na sauko na nuna masa gurbin, na miƙa masa fiyus. Ya karɓa da ƙyar, yatsunsa ba sa kama ƙaramin abu. Ya faɗi, ya ɗauka, ya sake gwadawa. Babu wanda ya yi dariya. A karo na uku ya shiga, ƙas.

Ƙahonin suka yi ɗan gurnani.

Ya murɗa rediyo. Ganga ta fito daga ƙofofi a tare, cike, har gilashi yana rawa. Masu walda suka kashe injinsu suka matso. Adwubi ta taso da maficin wutarta a hannu.

"Kai! Ashe Ashana na kunna abin da ba wuta ba!"

Agya Ofori ya kashe rediyon, ya ɗauko makirufo ya miƙo min.

"Gwada wannan. Faɗi wani abu mu ji."

Maame ta matso, ta taɓa gwiwar hannuna.

"Ba a nan ba," ta ce a hankali. "Ku koma gefe. Ka durƙusa kawai."

Na kalli ƙasa, baƙin mai da ƙusoshi. Nan ake so gwiwata ta sauka. Na kalli hoton Kawu yana murmushi a jikin motar.

Na kai makirufo bakina.

"Agya Ofori."

Muryata ta fita ta sama, ta daki kwanon rumfuna ta dawo min. Ban taɓa jin ta da girma haka ba. Har masu fenti suka leƙo.

"Agya Ofori, ni ne Amankwa, ɗan Afrakoma. Ba ni na ja wayar motarka ba. Ban taɓa ta ba. Na faɗa a lokacin, ina faɗa yau, kuma ba zan durƙusa wa kowa a kanta ba."

Layin ya yi tsit. Wata guduma da ke bugu a nesa ita ma ta tsaya.

Maame Konadu ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ka kashe min ɗa," ta ce. "Ka kashe shi."

Na jira mari, ko yawu. Agya Ofori ya tofar da tsinkensa. A karo na farko tun ranar wutar, ya ɗago ya dube ni a ido.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Me kake tsammani nake dubawa a ƙafarka duk shekarun nan? Kyanta? Kullum ina jira in ga ta tashi. Damina ta wuce, rani ya wuce, ƙafarka kamar ta zakara. Na ce ko dai yaron nan yana da abin da ya fi kogi, ko kuwa an yi min ƙarya a kan gawar ƙanina."

"Ka sani, ka bar su suna ce min Ashana?"

"Kai ma ka san wanda ya yi, ka bar ni ina gaishe shi."



Ya karɓe makirufon daga hannuna. Ya juya ya kalli Maame Konadu, ya daɗe, sannan ya bi inda idonta yake ta gudu yana komawa, can bakin layi.

Ya ɗaga makirufon da ƙonannen hannunsa.

"Mutanen Suame, kun ji. To ni Ofori ina tambaya, kuma motar nan ba za ta shiga gaban gawar kowa ba sai an amsa min. Wa ya ja wayar?"

Babu wanda ya motsa.

Maame ta kama rigata tana girgiza kai, bakinta yana motsi ba sauti.

Sai aka ji ƙarar ƙofa daga bakin layi.

Ƙofar bayan tasin ta buɗe. Wata ƙafa ta sauko a hankali, babu takalmi, a kumbure har tana sheƙi, ta taka ƙasar Suame.

Agya Ofori bai kalli fuskar ba. Ƙafar ya kalla.